Tambayoyi da Amsoshi Kan Fitsarin Shata Iyaka da Matsalar Bahaya a Wajen Zomayen Gida da Suka Shaƙu

Zomaye biyu da suka shaƙu sukan ci tare, su kwanta jiki da jiki, su riƙa lashe wa juna kai da kunne, amma duk da haka mai su yakan wayi gari ya tarar da fitsari a jikin bango ko a kan kujera. Dalilan wannan ba su cika wuce uku ba: ko dai zomon yana isar da saƙo ne da warinsa, ko yana fama da wata cuta, ko kuma wurin bahayan da aka tanadar masa bai dace da shi ba. Kowane ɗaya yana da nasa magani, shi ya sa gano dalilin yake zuwa kafin komai.

Me ya sa zomo yake fitsari a waje alhali ya san inda akwatin bahayansa yake?

Duk zomayen da ake kiwo a gida sun samo asali ne daga zomon dajin Turai, wanda tushensa yankin Sifen da Fotugal ne. A can suna zama rukuni-rukuni a cikin ramuka masu rassa, kuma kowane rukuni yana da wuraren da yake tara kashi, wasu kusa da bakin rami, wasu a gefen yankinsa, domin baƙon zomo ya sansana ya gane cewa wurin yana da masu shi. Wannan ɗabi'a ce ta sa koya wa zomo amfani da akwati yake da sauƙi, domin tun asali yana son ya keɓe wuri guda, kuma ita ce dai take sa shi barin alama a wasu wurare idan ya ji ana neman shigar masa yanki.

Zomo yana da hanyoyi da yawa na barin warinsa. A ƙarƙashin haɓarsa akwai wata halitta mai fitar da ruwan da ɗan Adam ba ya jin warinsa, shi ya sa ake ganinsa yana goga haɓa a ƙafar tebur, a kwanon abinci, har a jikin abokin zamansa. Akwai irinta a gefe biyu na al'aurarsa da kuma kusa da duburarsa, wadda take shafa wa kashi wari. Fitsari shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗannan alamomi. Zomon da ya yi shi a bakin ƙofa bai manta da akwatinsa ba, kuma ba don ya ɓata wa kowa rai ya yi ba. Yana sanar da cewa nan ma nasa ne.

Yaya ake bambanta shata iyaka da rashin lafiya, ko da matsalar akwatin kansa?

A duba siffar fitsarin da inda aka same shi. Fesi yakan bar ɗigo-ɗigo ko zane a jikin bango, ƙofa ko labule, wani lokaci a tsayin da ya fi zomon kansa, domin yakan yi shi ne yana gudu, ya murɗa ƙugu ya watsa. Wannan shata iyaka ne ko neman barbara, kuma an fi ganinsa a wajen mazan da ba a yi wa fiɗiya ba, ko da yake mata ma suna yi. Ɗan ƙaramin fitsarin da ake samu a wuri guda da zomon ya zaɓa, kamar gefen shinge, bakin ɗaki ko kan sabon kaya, shi ma yawanci alama ce.

Idan kuwa fitsari mai yawa ne aka tarar a gindin akwatin, daf da bakinsa, to mai yiwuwa zomon ya shiga ciki yadda ya kamata, sai dai ya ja da baya zuwa kusurwa ya ɗaga wutsiya kamar yadda suka saba, fitsarin ya tsallake gefen da bai kai tsayi ba. Wannan laifin akwati ne.

Na uku shi ne wanda ya fi bukatar kulawa: fitsarin da yake ɗiga ko'ina ba tare da zaɓen wuri ba, har a inda zomon yake kwanciya, tare da jiƙewar gashin cinyoyi da ƙarƙashin wutsiya. Zomo mai lafiya ba ya kwanciya cikin fitsarinsa, don haka wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma koyarwa ba za ta yi masa komai ba.

Kowannensu yana da tsafta lokacin da yake shi kaɗai. Me ya sa suka lalace bayan an haɗa su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar wa masu zomaye hankali, kuma amsarta ita ce abin da suke gani bai saɓa wa al'ada ba. Lokacin da zomo yake shi kaɗai babu wanda zai yi wa magana da wari, don haka ba ya bukatar ya yawaita alama. Da zarar an kawo na biyu, sai kowane lungu ya zama abin tattaunawa: wa yake da wannan kusurwa, wa zai fara cin ciyawa, wa zai sunkuyar da kai a lashe shi. Zomaye suna da tsarin girma a tsakaninsu, kuma kafin ya zauna sukan yi ta zuba kashi a warwatse, su yi fitsari a kan wurin da ɗayan ya yi, su riƙa hawan juna ko da jinsinsu ɗaya ne. Mace ma tana hawan namiji, kuma sau da yawa ita ce take zama shugaba a cikinsu.

Akwai kuma batun wurin da aka haɗa su. Ana fara haɗa zomaye ne a wurin da babu wanda ya taɓa zama a cikinsu, domin kada ɗaya ya ɗauki ɗayan a matsayin mai kutse. Inda mutane da yawa suke kuskurewa shi ne bayan sun ga an shaƙu, sai su mayar da su biyun kai tsaye cikin tsohon ɗakin guda daga cikinsu, da tsohon akwatinsa da tsohuwar shimfiɗarsa, duk suna ɗauke da warinsa. Mai ɗakin sai ya tashi kare kayansa, baƙon kuma ya dage sai ya sa nasa warin. Abin da ya fi dacewa shi ne a wanke wurin sosai kafin a dawo da su, a sauya wa kayan ciki mazauni, a kawo sabon akwati ko a wanke tsohon har warin ya fita, sannan a fara da ɗan ƙaramin fili a riƙa faɗaɗa shi sannu a hankali.

Yawanci wannan rikici yakan lafa cikin makonni kaɗan, idan warin su biyun ya gauraya ya zama warin gida ɗaya. A ganina, mai zomayen da ya yi haƙuri a wannan lokaci, ya riƙa sharewa ba tare da yawan sauye-sauye ba, ya fi samun nasara a kan wanda kullum yake gwada sabuwar dabara, domin kowane sauyi sabon dalili ne na sake yin alama.

Ɗaya yana fesa wa ɗayan fitsari a jiki. Faɗa ne?

Ba lallai ba ne. A dabi'ar zomaye namiji yana fesa wa macen da yake nema fitsari, kuma wani lokaci yakan yi wa mutumin da ya saba da shi haka. Alamun faɗa na gaske daban suke: kwantar da kunne baya tare da ɗaga wutsiya, gurnani, zagaya juna da sauri kowa yana neman bayan ɗan'uwansa, cizo mai fitar da jini, ko su cukuikuye suna birgima. Idan babu waɗannan, kuma suna ci gaba da ci tare da kwanciya tare, to shaƙuwar tana nan.

Shin fiɗiya da cire mahaifa suna kawo ƙarshen matsalar?

Su ne mataki mafi girma, kuma duk wata koyarwa da aka yi kafin su tana da iyaka. Ƙananan nau'o'in zomaye sukan balaga tun suna wata 3 zuwa 4, matsakaita a wajen wata 4 zuwa 6, manya kuma sukan ɗan fi haka jinkiri. A daidai wannan lokaci ne ɗan zomon da ake yabo da tsafta yake juyewa ya fara fesi, kuma 'yan uwan da suka tashi tare cikin lumana suke fara faɗa, musamman idan duka maza ne. Zaman lafiyar ƙuruciya ba shi ne shaƙuwa ba, ita tana tabbata ne bayan an balaga an kuma yi wa kowa tiyata.

Ana iya yi wa namiji fiɗiya da zarar 'ya'yan marainansa sun sauko, abin da yakan faru a wajen mako 10 zuwa 12 da haihuwa, mace kuma yawanci ana jira ta kai wata 4 zuwa 6, gwargwadon girmanta da shawarar likita. Ga mace amfanin ya wuce batun tsafta, domin sankarar mahaifa ta zama ruwan dare a tsakanin zomayen da suka manyanta ba a cire musu ita ba. Macen da ba a yi wa tiyata ba kuma takan yi cikin ƙarya na kimanin kwana 16 zuwa 18, ta riƙa tsige gashin ƙirjinta tana haɗa sheƙa, tana korar abokin zamanta daga kusurwar da ta zaɓa.

Dole a yi wa duka biyun tiyata, domin idan aka bar ɗaya, warinsa zai ci gaba da tayar da ɗayan. Sannan sakamakon ba ya zuwa a rana ɗaya: sinadaran jinsi sukan ɗauki makonni kafin su ragu a jiki, kuma namiji yana iya yi wa mace ciki har zuwa kusan mako 6 bayan fiɗiya, don haka ba a haɗa shi da macen da ba a yi wa tiyata ba a wannan tsakani. A nemi likitan da ya saba da zomaye. Wata hanyar gane shi ita ce ba zai ce a hana zomo abinci kafin tiyata ba, domin zomo ba ya amai, kuma barin cikinsa babu komai yana da haɗari gare shi.

An yi musu tiyata tun da daɗewa, amma kwanan nan suka koma yi. Daga ina?

A fara tambayar abin da ya sauya. Sabon kafet, ƙaura zuwa wani gida, baƙon da ya kwana, kyanwa ko kare da aka kawo, warin wani zomo a tufafin mai gida, duk sun isa su tayar da alama. Idan akwai zomo na uku a wani keji cikin gidan, ko da ba sa haɗuwa, za a riƙa samun kashi da fitsari a jere a gefen shingen da yake fuskantarsa, kuma warinsa yana iya sa su biyun su huce a kan juna. A ƙasashen da tsawon rana yake sauyawa sosai tsakanin hunturu da bazara, zomaye sukan ƙara hawan juna da yin alama idan yini ya fara tsawo, har da waɗanda aka yi wa tiyata, sannan abin ya wuce da kansa.

Akwai wani dalili da ake yawan mantawa da shi. Idan aka kai ɗaya asibiti shi kaɗai, yakan dawo da warin magani da na baƙin hannuwa, sai ɗan'uwansa ya ƙi gane shi. Saboda haka ake ba da shawarar a tafi da su tare cikin akwatin ɗauka guda, ko da ɗaya ne za a duba. Haka nan zomo yakan gane rashin lafiyar abokinsa tun kafin mutum ya lura, ya fara neman ƙwace shugabanci, don haka rikicin da ya ɓarke ba zato tsakanin tsofaffin abokai dalili ne na a duba lafiyar duka biyun. Idan kuma tsohon zomon da aka yi wa tiyata shekaru da suka wuce ya koma fesi da hawa da ƙarfi, likita zai iya auna sinadaran jinsinsa, domin akwai wata halitta a saman ƙoda da kan kamu da cuta ta riƙa fitar da su.

Yaya zan gane wanne ne a cikinsu yake yi?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye waya ko kyamara tana ɗaukar wurin, musamman da asuba da kuma magariba, lokutan da zomaye suka fi kai-komo. A kuma ɗaga kowanne a hankali a duba ƙarƙashinsa ko akwai jiƙa ko gashin da ya rine. Raba su ɗaki daban-daban don a gano mai yi dabara ce da ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba, domin rabuwar kanta tana sauya halinsu. Idan likita yana bukatar fitsarin ɗaya, a sa shinge mai raga a tsakaninsu na ɗan lokaci, yadda za su riƙa gani da sansanar juna.

Akwati nawa ya kamata a ajiye, kuma me ake zubawa a ciki?

Zomayen da suka shaƙu suna son shiga akwati tare, don haka ya zama mai faɗin da su biyun za su zauna su juya ba tare da matsi ba. Ƙananan akwatunan kusurwa masu siffar alwatika da ake sayarwa da sunan zomaye sun yi kaɗan ko ga guda ɗaya, babban akwatin kyanwa ko faffaɗan kwandon roba marar huji ya fi su. Bayansa da gefensa su yi tsayi, gabansa kuma ya yi ƙasa. Yana da kyau a ƙara na biyu, domin wani lokaci shugaban yakan zauna a ciki ya hana ɗayan shiga, shi kuma ya rasa yadda zai yi sai ya yi a gefe. Don wannan dalili ne ma akwati mai rufi da ƙofa ɗaya bai dace da zomaye biyu ba: babu zomon da yake son shiga inda za a iya tare masa hanyar fita.

Abin da ya fi komai jawo zomo cikin akwati shi ne busasshiyar ciyawa, domin yana ci yana kashi a lokaci guda. A zuba ta a gefe ɗaya na akwatin, ko a rataye ta yadda ba zai kai gare ta ba sai ya shiga, a kuma sabunta ta kullum. A ƙasa a shimfiɗa abin tsotse fitsari da aka yi da takarda, ko dunƙulallen garin katako da aka gasa, ko tsohuwar jarida a rufe da ciyawa. A guji ƙasar da ake zubawa a akwatin bahayan kyanwa, wadda take dunƙulewa idan ta jiƙe, domin zomo yana ɗanɗana abin da yake ƙarƙashinsa kuma tana iya toshe masa hanji. A guji ɓurɓushin katakon itatuwa masu ƙamshi irin su fayin (pine) da sida (cedar), saboda sinadaran da suke fitarwa suna shafar hanta da hanyar numfashi. Kada kuma a baza irin wannan shimfiɗa a ko'ina cikin keji, in ba haka ba zomon zai ɗauki duka kejin a matsayin wurin bahaya.

Yaya ake sake koyar da su daga farko?

A taƙaita filinsu zuwa wani ɓangare da aka kewaye, su biyun tare, amma kada ya yi ƙanƙantar da za su takura wa juna. A ajiye akwati a kusurwar da suka riga suka zaɓa, domin ya fi sauƙi a bi zaɓinsu da a tilasta musu na mutum. Duk fitsarin da aka samu a waje a goge shi da takarda a jefa ta cikin akwatin, a tsince kashin da ya warwatse a zuba a ciki, sannan a wanke wurin da aka ɓata har warin ya ɓace. A farkon kwanaki kada a wanke akwatin ƙal, a bar ɗan abin da ya jiƙe don ya riƙa tuna musu. Idan aka ga ɗaya ya ja da baya zuwa lungu yana ɗaga wutsiya, a kora shi cikin akwatin a hankali, idan ya yi a ciki a ba shi ɗan ganyen da yake so nan take. Bayan sun yi kwanaki ba tare da kuskure ba sai a ƙara musu fili kaɗan, idan suka koma a rage, a sake gwadawa.

Wannan taƙaitawa ta ɗan lokaci ce kawai. Ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta Birtaniya tana ba da shawarar cewa zomaye biyu su samu fili aƙalla mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, da mita 1 a tsayi, a kowane lokaci, kuma matsi kansa yana cikin abubuwan da suke haddasa faɗa da yawan alama.

Me ya sa gado da kujera suka fi jan hankalinsu?

Saboda suna da laushi, suna tsotse ruwa, suna da tudu, kuma sun fi ko'ina ɗaukar warin mai gida, sai zomon ya so ya haɗa nasa a kai. Maganin da ya fi aiki shi ne a hana su hawa na wasu makonni, ko a rufe wurin da abin da ruwa ba ya ratsawa wanda kuma ba za su iya ci ba.

Da me ake wanke wurin da aka ɓata?

Fitsarin zomo yana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa, shi ne yake barin farin dabbare mai tauri a ƙasan akwati. Farin ruwan khal da aka gauraya da ruwa yana narkar da shi, a bar shi ya jiƙa na ɗan lokaci sannan a goge a ɗauraye. Ga kafet da katifa akwai magungunan wanke fitsarin dabbobi da suke rusa warin gaba ɗaya. Kada a yi amfani da abin wankin da yake da amoniya, domin warinsa yana kama da na fitsari, kuma kada a taɓa haɗa khal da bilic, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba ga mutum da dabba.

Fitsarin ya yi ja, wani lokaci kuma fari da kauri. Ciwo ne?

Fitsarin zomo mai lafiya yana sauya launi daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo har zuwa ja, gwargwadon ganyen da ya ci, kuma ɗan gurɓacewarsa ba matsala ba ce. Jini na gaske yakan fito a matsayin ɗigo ko zare-zare a cikin fitsarin, kuma gwaji ne kawai yake tabbatar da shi. A wajen macen da ba a cire wa mahaifa ba, jini yana iya zama daga mahaifar yake.

Abin damuwa shi ne fitsari mai kauri kamar laka da yake bushewa ya bar yashi, ko zomon ya riƙa yunƙuri yana fitar da kaɗan-kaɗan, ko ya ƙudundune yana cizon haƙora saboda zafi. Waɗannan suna nuna taruwar kalsiyam ko tsakuwa a mafitsara, ko ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari, kuma ƙiba, rashin motsi, ƙarancin shan ruwa da yawan ba babban zomo ciyawar alfalfa suna cikin abubuwan da suke jawo su. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Encephalitozoon cuniculi da take taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, tana kawo ɗigar fitsari, raunin ƙafafun baya ko karkacewar kai, kuma da yake ta fitsari take yaɗuwa, likita yakan duba abokin zaman shi ma. Gashin da ya daɗe a jiƙe yana ƙona fata, kuma ƙuda yana iya yin ƙwai a wurin su zama tsutsa cikin ƙasa da kwana ɗaya a lokacin zafi. Zomon da ya kasa fitsari gaba ɗaya, ko ya yi kusan awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, a kai shi asibiti nan take.

Ya kamata a hukunta mai yi, ko a raba su?

Duka, tsawa ko dangwara hancin zomo a fitsari ba sa koya masa komai sai tsoron mutum, kuma zomon da yake cikin fargaba ya fi yawan alama. Raba su ma ba magani ba ne, domin rabuwar kwanaki kaɗan tana iya warware shaƙuwar da aka sha wahalar ƙullawa, a koma haɗa su daga farko. Ana raba su ne kawai idan faɗa ya kai ga rauni, ko likita ya ce a yi, kuma ko a lokacin a bar su kusa da juna da shinge a tsakani.

Zomon ya tsufa kuma ya daina shiga akwatin da ya yi shekaru yana amfani da shi. Me za a yi?

Zomayen gida suna kai wa shekara 8 zuwa 12, kuma ciwon gaɓoɓi da na ƙashin baya yana yawan kama su a ƙarshen rayuwa, har tsallake gefen akwati ya zame musu wahala, ko su kasa ɗaga ƙugu yadda ya kamata idan za su yi fitsari. A yanke gaban akwatin ya yi ƙasa sosai, ko a sauya shi da faranti mai faɗi, a kawo shi kusa da inda tsohon yake kwanciya, a shimfiɗa abin da ba ya santsi a hanyarsa, a riƙa duba ƙarƙashinsa safe da yamma. Likita yana da magungunan rage zafi da suka dace da zomaye, kuma da yawa sukan koma amfani da akwati bayan an fara ba su. Idan ƙaramin cikinsu yana fesawa ta saman gefen da aka rage, a bar masa tsohon akwatin mai tsayi a gefe, a ajiye sabon domin tsohon.